Murjar Cikin Gilashi

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, da ku 'yan'uwa masu karatu. Allah ya ƙara rufa mana asiri baki ɗaya. Don girman Allah a ɓoye sunana da lambata. Kuma ina roƙonku, kafin ku fara zagi ku daure ku kai ƙarshe. In kun kai ku zage ni yadda kuke so, babu abin da za ku faɗa wanda ban riga na faɗa wa kaina ba. Shawara nake nema, kuma kafin Juma'ar nan nake buƙatarta.

Ni ne na fasa wa aminina ido. Da hannuna, da ƙarfe, a kan hanyar Tambuwal zuwa Kebbe, cikin bazarar nan da ta wuce. Har yau 'yan fashi mutane suke tsine wa, ni kuwa nuna ni ake yi a gari ana cewa a yi koyi da irin amincina.

Ni mai ɗaukar hoto ne, ina da ɗan shago a Tambuwal, biki da suna da hoton fasfo duk ina yi. Shi kuma zan kira shi Nasiru, ba sunansa ke nan ba. Malamin makaranta ne a Kebbe, ilimin halittu yake koyarwa. Tare muka tashi, tare muka yi makarantar kwana, kwano ɗaya muke ci. Siriri ne mai tabarau mai kauri, don tun yana yaro idonsa ba shi da ƙarfi, ga wushirya mai faɗi wadda nake tsokanarsa da cewa ɗan akuya zai iya wucewa ta ciki. Shi kuma bai taɓa kirana da sunana ba, sai Mai hoto. Ya yi 'yan shekaru a Legas yana koyarwa kafin ya dawo gida. Sunan matata kuwa ba zan iya canzawa ba, domin a kansa komai ya faru. Murjanatu ne sunanta, Murja kowa yake ce mata. 'Yar Kebbe ce, unguwarsu ɗaya da Nasiru, kuma kafin ya tafi Legas ya ɗan taɓa zuwa zance wurinta, bai yi nisa ba ya janye, shi da bakinsa ya ce min in ina so in shiga. Na shiga, na aure ta, Allah ya ba mu 'ya mace, Hafsa. Wallahi ban taɓa ganin wani abin zargi a wurin matata ba. Amma ni mutum ne mai zuciya, kowa ya san ni da wannan, kuma tsohon zancen nan bai taɓa fita daga raina ba, musamman da Nasiru ya dawo ya zauna bai yi aure ba.

Ranar da abin ya faru Murja tana Kebbe, ta kwana biyu can tana jinyar mahaifiyarta. Da hantsi sai ga Nasiru a shagona, ya kafe babur, ya zauna, muka gaisa, na aika aka kawo mana fura. Sai ya fara yi min tambayoyi a kan kyamara. Wai wace iri ce take ɗaukar abu a ɗaki mai ƙarancin haske? Wacce ce za ka matso da ita dab da abu ta fito da shi dalla-dalla? Kuma wai ba ya son filasha ko kaɗan, don tana ɓata komai, tana kuma firgitarwa. Na ce masa, “Kai Malam, mi za ka ɗauka haka? Aljanu?” Ya yi dariya, wushiryar nan a waje, ya ce, “Sirri na, Mai hoto. In ya yi kyau kai za ka fara gani.” Na ce to ai kyamara ba a zaɓenta sai an san abin da za a ɗauka. Ya ce, “Abu na mai kyau, mai kunya, kuma ba ya son zafi.” Muna cikin haka wayarsa ta yi ƙara, ya duba, ya miƙe ya fita bayan shago. Tagar ɗakin da nake wanke hoto tana kallon bayan, kuma a buɗe take. Ni fa ba laɓe na je yi ba, katin memori na shiga ɗaukowa.

Ga abin da kunnena ya ji, ban ƙara ko harafi ba. “Wallahi jiya da la'asar ta buɗe gaba ɗaya. Murja fa! In na rufe taga na kunna shuɗiyar fitila, ka ga yadda jikinta ka ƙyalli, sai ka yi salati. In na taɓa ta sai ta noƙe, in na ɗan bar ta sai ta sake sakin jiki. Wayag ga ba ta fiddo launinta, shi ya sa nika son kyamara. A'a, ba wanda ya sani. Shi kanshi Mai hoton ban gaya mai ba, in yaj ji na shiga uku.”

Ku gaya min don Allah, wane namiji ne zai ji wannan ya tsaya lissafi? Matata tana Kebbe, shi daga Kebbe yake, sunanta ya kira, ni ya ambata. Kuma a wurina ya zo neman kyamarar da zai ɗauke ta! Na san yanzu za ku ce me ya hana ka tambaye shi, me ya hana ka kira ta? Ni ma kullum wannan tambayar nake yi wa kaina. Kalma ɗaya tak da ta fito daga bakina a lokacin, da yau yana da idonsa. Amma ban tambaya ba. Na fito na zauna kusa da shi, na ƙarasa shan furata, har na rubuta masa sunayen kyamarori a waya. Muka yi azahar sahu ɗaya, kafaɗarsa tana taɓa tawa. Ya hau babur ya ce sai ya ji ni.

Yana karya kwana na janyo ƙofar shago. Akwai sitan, wato ƙarfen ɗora fitila mai ƙafa uku, da nake zuwa biki da shi, na kwance ƙafa ɗaya, ƙarfe ne mai nauyi, na ɗaure a jikin babur ɗina. Na naɗe fuskata da rawani yadda masu babur suke yi saboda ƙura, na bi ta wata 'yar hanyar gonaki da ke yanke. Akwai wani kwazazzabo inda hanya take sauka cikin yashi, dole kowane mai babur ya rage gudu ya sa ƙafa a ƙasa. Nan na ɓoye babur a bayan sabara na jira shi. Kada wani ya ce min shaiɗan ne ya ruɗe ni na ɗan lokaci. Ina da isasshen lokacin da zan huce, ban huce ba, ina tsugune ina maimaita maganar nan a raina, wai in ya taɓa ta sai ta noƙe.

Da ya sauko cikin yashin na fito ta bayansa na sauke masa ƙarfen a kafaɗa. Babur ya kife da shi. Ya ɗago yana cewa, “Ku ɗauki babur ɗin, ga makulli, don Allah ku ɗauka!” Ban ce uffan ba, don na san muryata ko cikin barci zai gane ta. Na sake maka masa a haƙarƙari, na ƙara a baya, na tattake shi da ƙafa. Ya yunƙura ya rungumo ni muka faɗi tare, na shaƙe masa wuya da hannun dama, shi kuma ya kafa haƙoransa a damtsena, ƙasa da gwiwar hannu kaɗan, ya riƙe gam har na ji sun taɓa ƙashi. Zafin nan ne ya ƙarasa haukatar da ni. Na lalubo ƙarfen da hagu na kai masa a fuska. Na ji ƙarar tabarau ya tarwatse. Ya sake ni, ya dafe fuskarsa da hannu biyu, jini yana bi ta tsakanin yatsunsa, ya yi wata irin ƙara da har yau in na rufe ido ita nake ji. Ya daina roƙo, sai kalmar shahada yake ta yi. Na zaro wayarsa daga aljihu don in ga hotunan matata, a kulle take, a fuskarta akwai wani abu shuɗi da kore mai kama da fure, ban ma tsaya kallo ba. Na ɗora ta kan dutse na farfasa. Na bar shi nan kwance cikin rana na koma Tambuwal, na wanke hannuna, na ɗaure da tsumma, na sa riga mai dogon hannu.

Ban daɗe da zama ba aka kira ni daga asibiti. Masu motar gero ne suka tsince shi, kuma da aka tambaye shi wa za a kira, sunana ya faɗa. Ba mahaifiyarsa ba, ba ƙannensa ba, ni. Na je na same shi an naɗe masa kai, rigarsa ta rine. Ya laluba ya kamo hannuna, wannan hannun dai da ya cija, ya ce a hankali, “Mai hoto, kai na? Alhamdu lillahi. Sa hannu aljihuna akwai makulli. Ka tafi Kebbe yanzu yanzu. Murja na ɗakin baya, na rufe ta tun safe, zafin ga kashe ta zai yi. Don Allah ka yi sauri.” Jama'a, ko a nan ban farga ba. Abin da na ji shi ne mutumin nan ya kulle matata a ɗakinsa, kuma don rainin hankali ni yake aika in buɗe ta. Na karɓi makullin na hau babur. Ƙarfen yana nan ɗaure, ban ko goge shi sosai ba. Wannan shi ne abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, kuma ya fi dukan Nasiru ci min rai: da ƙarfen nan a hannuna na shiga gidansu, kuma na san sarai abin da na yi niyyar yi da shi in na buɗe ƙofar na same ta.

Gab da magariba na isa. Labari ya riga ni, mahaifiyarsa, Inna, tana tsakar gida mata sun kewaye ta tana kuka. Na wuce su na nufi ɗakin baya, na murɗa makulli, na banka ƙofar da ƙafa. Babu kowa a ciki. Babu ko gado. Wani dogon akwatin gilashi ne cike da ruwa a kan teburin ƙarfe, shuɗiyar fitila tana haska shi daga sama, wani ɗan injin ruwa yana gurnani, fanka tana kaɗa saman ruwan. A ciki duwatsu ne jere, a jikinsu wasu abubuwa kamar furanni, kore da ruwan goro da ja, suna kaɗawa a hankali, da wasu 'yan kifaye masu ratsin fari suna shiga suna fita. Na tsaya da ƙarfe a hannu kamar gunki. Inna ta biyo ni tana share hawaye da gefen zane, ta ce, “Shi ya aiko ka ko? Ko mutuwa zai yi sai ya tuna da dutsen ga. Ga ta can, babbar ta tsakiya, ita yaka kira Murja. Murjani na in ji shi, irin wanda aka yi muna tsakiya da shi, amma wai wanga mai rai na. Ɗauko gorunan ƙanƙara cikin firji ka jefa mata, haka yaka yi in rana ta yi zafi.”

Murjani. Kalmar da na sani tun ina yaro, kakata ma tana da shi a wuya. Na zube a ƙasa, Inna ta ɗauka tausayin ɗanta ne ya kayar da ni, har tana ba ni haƙuri. Ina nan zaune sai ga matata ta shigo da gudu daga gidansu, goye da Hafsa, hannunta duk garin tuwo, tana cewa, “Baban Hafsa, yaushe kaz zo? Wa'anne azzalumai na sunka yi mai haka?” Ta dubi ƙarfen da ke gefena ta ce na mene ne, na ce kare kaina na ɗauko saboda hanya. Ta ce na yi dabara. Na tashi na jefa gorunan ƙanƙarar cikin ruwa da hannun hagu, ina kallon abin nan yana buɗewa a hankali.

An wuce da shi Sakkwato. Idon hagu ya tafi, gilashin tabarau ne ya shige ciki. Na dama kuwa da ma rarrauna ne, ya ƙara dusashewa, yanzu in ba abu ya kawo dab da hancinsa ba hazo kawai yake gani. Ni na yi jinyarsa. Ni nake kai shi bayi, ni nake ba shi abinci a baki, ni nake zuwa Kebbe in duba ruwa in dawo. Yana kwance yake koya min yadda ake auna gishiri da yadda ake ƙara ruwa. A nan ya ba ni labarin duka: murjanin nan halittar teku ce mai zama a ruwan gishiri, a Legas ya koyi kiwonsa, wanda ya kira shi ranar wani Bakano ne mai sayar da kayan kifi a can, kuma ya ɓoye ne don kada a ce malami guda ya zauna yana kiwon dutse da kifin da ba a ci. Ya ce, “Kai da bakin ga naka, da ka ji da duk Tambuwal ta ji. So niy yi in ɗauki hoton da kai, Mai hoto, za ka ce wa ya ɗauki wanga.” Wata rana kuma ƙannensa suna gefen gado suna rantsuwa in suka gano wanda ya yi sai sun cire masa ido biyu, ya ce musu, “Ku bar shi. Na cije shi, duk inda yake shina ɗauke da haƙorana. Ni ba kama shi nika so a yi ba, so nike in tambaye shi mi niy yi mai. Ko babur bai ɗauka ba.” Ina tsaye ina riƙe da kofin shayinsa.

Ranar da na koma gida na ɗora dutsen guga a wuta na manna a kan cizon don in ɓatar da shi. Ban iya daurewa ba, na jefar da shi ina ihu. Rabin ƙasa ya ƙone ya haɗe, amma sahun haƙoran sama yana nan raɗau, da gibin wushiryar a tsakiya. Na ce wa Murja salansar babur ce, ban bari ta ga ciwon a buɗe ba, kuma tun daga lokacin ko a gida ba na cire riga sai a duhu. Ita kuwa duk bayan salla sai ta ɗaga hannu ta ce, “Allah ka makantar da wanda ya makantar da Malam Nasiru, ka tona mai asiri tun nan duniya.” Sai ta juyo ta ce, “Baban Hafsa, ba ka ce amin ba.” Ni kuma in ce amin. Wane irin mutum ne yake cewa amin a kan kansa, ya tashi ya ci tuwon wadda ta yi addu'ar?

Da aka sallame shi na kai shi gida, ya ce a fara kai shi ɗakin baya. Ya tsaya gaban gilashin ya daɗe, ya matsa har goshinsa ya taɓa, sannan ya ce, “Shuɗi kawai nika gani.” Bai yi kuka ba, ni ne na juya baya. Can ya ce, “Mai hoto, maganar kyamarar nan fa yanzu ta zama dole. In an ɗauka aka jawo hoton ya yi girma, na kawo kusa da ido, zan gan ta. Ka zaɓo man da kanka.”

Wallahi tun da na fara sana'ar nan ban taɓa zaɓen kyamara da zuciya ɗaya irin wannan ba. Har Kano na je, na yini ina gwadawa. Na nemi marar nauyi, don kafaɗarsa ba ta gama warkewa ba. Na nemi mai babban allo a baya wanda ake lanƙwasawa, ana jawo hoto a kai ya yi girma ba tare da ya farfashe ba. Babbar matsalar akwatin nan ita ce shuɗiyar fitila, ita take rikita waya ta mayar da komai bula, don haka na nemi wadda take yarda ka nuna mata farin abu a cikin ruwan ka ce mata wannan shi ne fari, daga nan ta gyara sauran launuka. Na haɗa masa da ɗan gilashi mai ruwan goro da ake ɗaurawa a gaba yana rage shuɗin. Sannan na sayi lens, wato idon kyamara, na ɗaukar ƙananan abubuwa, irin wanda in ka ɗauki ƙuda sai ka ƙirga gashin ƙafarsa. Na ƙi karɓar ko kwabo a hannunsa. Na koya masa ya kashe injin ruwa ya lafa kafin ya ɗauka, ya goge gilashi, ya saita kyamarar ta fuskanci gilashin kai tsaye ba a karkace ba, ya rufe taga don kada inuwarsa ta fito. Ya tambaye ni ina sitan ɗina mai ƙafa uku in ara masa, na ce ya karye, na sayo masa sabo. Ranar da ya ɗauki hoton farko ya jawo shi ya manna allon a idonsa, sai ya fashe da dariya yana cewa, “Ga ta! Ga bakinta, ga 'yan yatsunta! Kai Mai hoto, Allah shi biya ka da aljanna.” Inna ta shigo ta dafa kaina ta yi ta sa min albarka.

Tun daga nan kyamarar ta zama idonsa. Komai ɗauka yake ya jawo ya duba, rubutun ɗalibai, fuskar baƙo, har tsakuwa a cikin shinkafa. Ni kuma duk mako ina zuwa in yi masa aikin da sai an sa hannu a ruwa, kuma kullum da hagu nake yi, na dama yana cikin riga.

Ran Lahadin da ta wuce na je na tarar Murjar ta ɓalle daga kan dutsenta ta faɗa ta baya, a kife, cikin wani lungu mai zurfi. Ya ce in ta kwana a haka ruɓewa za ta yi. Na gwada da hagu na kasa, sai an ɗaga dutse da hannu ɗaya an ciro ta da ɗaya. Na dube shi, yana can gefe zaune a bayan kyamara yana latse-latse. Na ce a raina mutumin da ba ya ganin fuskata daga nan ina zai ga hannuna? Na naɗe hannun rigar dama har kafaɗa na zura cikin ruwan. Gishirin ya shiga tabon yana cizo. Na ɗago ta a hankali ina mayar da ita wurinta, damtsena manne da gilashi, sai na ji ƙyas. Na sake jin ƙyas. Na ce, “Mi kaka ɗauka?” Ya ce, “Haske nika gwadawa.” Na zaro hannuna na saki riga tun bai bushe ba. Muka ci abinci, ya rako ni har zaure yana riƙe da kafaɗata kamar kullum.

Jiya da safe hoto ya shigo wayata daga sabon layinsa. Hannuna ne a cikin ruwa, launi ya fito daidai yadda na koya masa, babu shuɗi ko kaɗan. Murjanin yana cikin tafina, kore shar. Sama da shi kuma ga ƙunar dutsen guga, ga sahun haƙora a jere, ga gibin a tsakiya, ko makaho ya shafa zai san bakin wa ya yi shi. A ƙasan hoton akwai saƙon murya. Muryarsa lafiya lau, babu faɗa, babu rawa. Ya ce, “Mai hoto, kyamarag ga ta yi. Ba ta ɓoye komi. Ka zo ran Juma'a bayan an sauko masallaci. Ka zo da Murja. Taka nika nufi, ba ta cikin gilashi ba.”

Na saurari saƙon nan har batir ya mutu. Ya gane ni, wannan babu shakka. Amma maganarsa ta ƙarshe ita ta hana ni cin abinci, don tana nufin ya zauna ya tuna wayar da ya yi a bayan shagona, ya gano dalilin ma. Ban san ko ƙannensa za su kasance a gidan ba. Wallahi in idona suke so su cire, ba shi nake tsoro ba, haƙƙinsa ne. Abin da nake tsoro shi ne matata ta zauna a ɗakin nan ta ji daga bakin wani cewa na zarge ta da aminina ba tare da ta yi komai ba, sannan ta tuna ƙarfen da ta gani a gefena ranar, wanda ta ce na yi dabara da na ɗauko. Murja ba sakarya ba ce, ba sai an gaya mata wa na kawo wa shi ba.

Na san duk ɗan Kebbe da ya karanta wannan zai gane mu, akwatin gilashi ɗaya ne a garin. Wataƙila ma shi ya sa na rubuto, don na gaji da a ce min mutumin kirki. In gaya mata da bakina kafin Juma'a, in ta tafi ta tafi? In je ni kaɗai in durƙusa a gabansa in roƙe shi ya rufa min asiri a wurinta, ni da ban bar masa ko ido ba? Ko in kai kaina wurin hukuma tun kafin a kai ni? Ɗazun nan ya kira ta da kansa ya gayyace ta, ta yi murna, wai ta daɗe tana son ta ga takwararta da kyau. Yanzu haka tana tsakar gida tana soya masa dubulan, ta leƙo tana tambayata wace riga za ta goge min, mai dogon hannu ko mai gajere.

Don Allah jama'a, me zan yi?